Gidan Abinci a Ƙasar Habasha

Habasha ƙasa ce mai tsaunuka a gabashin Afirka. Babban birninta shi ne Adis Ababa, wanda Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu suka kafa a shekarar 1886. Ma'anar sunan da harshensu na Amharanci ita ce Sabon Fure. Birnin yana bisa tudu ƙwarai, ya ɗara teku tsayi da mita wajen 2,400, watau kusan ninki biyu na tudun Jos. Sabo da haka ko da rana tsaka ba a cika jin zafi ba, da dare kuwa sai an lulluɓa da bargo.

A cikin birnin akwai wata kasuwa da a ke kira Merkato, tana cikin manyan kasuwannin Afirka. Babban Masallacin Anwar yana nan, dab da shi kuma ga majami'ar Raguel ta Kirista. A wata unguwa bayan kasuwar nan akwai wani tela, Kirista ne, da maƙwabcinsa direban motar haya, shi kuwa Musulmi ne. Shingen kwano kaɗai ya raba gidajensu.

Wata rana da damina, cikin tsakar dare, zazzaɓi mai zafi ya kama 'yar tela, yarinya 'yar shekara goma. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba kowa a titi. Direba ya ji kukan uwar yarinya ta bayan shinge, ya tashi ya ta da mota, ya kai su asibiti, ya zauna tare da su har gari ya waye. Aikinsa na safiyar nan duk ya wuce shi. Da yarinya ta warke sai tela ya ƙulla kuɗi a hankici ya kai masa. Direba ya ƙi karɓa, har ya ɓata rai, ya ce, "Ɗan'uwana, 'yarka ai 'yata ce. Wa ya taɓa biyan mutum don ya kai 'yarsa asibiti?"

Abin nan ya tsaya wa tela a rai. Ya yi ta tunani, daga baya ya ce wa matarsa, "To, ya ƙi kuɗi, amma ba ya ƙi abinci ba." Gaskiyarsa kuwa, domin a Habasha wanda aka kira cin abinci ya ƙi ba dalili, ya ci fuskar mai kiran.

Sai dai akwai wata wahala. A ƙidayar da aka yi a 2007 an sami cikin kowane mutum 100 na ƙasar, wajen 44 Kirista ne na tsohuwar majami'ar Habasha, wajen 34 Musulmi ne, sauran yawancinsu Kirista ne na waɗansu ɗariku. Dukansu ba su cin naman alade. Amma bisa al'adarsu tun kaka da kakanni, Musulmi ba ya cin yankan Kirista, Kirista kuma ba ya cin yankan Musulmi. Don haka mahauta su kan zana alama a ƙofar rumfarsu, wannan gicciye, wancan jinjirin wata, kowa ya san inda zai saya. In mai hali zai yi biki, ya kan sayi dabba biyu, ya ba Musulmi ɗaya su yanka wa kansu, a yi tukunya biyu. Tela kuwa ko tunkiya ɗaya ta fi ƙarfinsa. Ban da haka ma, shi ba tukunya biyu ya ke so ba, so ya ke hannunsa da na maƙwabcinsa su shiga faranti ɗaya.

Yarinya ta ji ana shawarar. Ta ce, "Baba, me za mu ba Gashe, tun da ba ya cin namanmu?" Gashe shi ne sunan girmamawa da yaran Habasha su ke kiran babban namiji da shi, kamar yadda 'ya'yan Hausawa su kan ce Baffa.

Uban ya ce, "Ke dai bari sai ran Laraba."

Ga dalilin da ya sa ya zaɓi Laraba. Kiristan tsohuwar majami'ar Habasha mutane ne masu yawan azumi. Su kan yi azumi ran Laraba da ran Juma'a kusan duk shekara, suna kuma da babban azumi na kwana 55 kafin idinsu na Fasika, da waɗansu ƙanana. In aka haɗa, wanda ba malamin addini ba ya kan sami kwana wajen 180 na azumi a shekara, malamansu kuwa har wajen 250. Azuminsu ya sha bamban da na watan Ramalana. Ba su cin kome sai rana ta yi tsaka, masu tsanantawa sai ƙarfe uku na yamma. In sun tashi ci kuma, ba nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai. Sai abin da ya tsiro daga ƙasa. Mutanen da su ke rabin shekara a haka tilas su gwanance da dafa wake da ganye, sun kuwa gwanance. Abincin azumin nan ba yanka a cikinsa, sabo da haka kowa na iya ci.

Tela ya aika wa maƙwabcinsa cewa ya zo da ɗansa ran Laraba da ƙarfe bakwai. Baƙo da ya ji haka sai ya zaci da safe ne ko da magariba. A'a. Habashawa daga fitowar rana su ke fara ƙirga sa'o'i. Abin da wasu ƙasashe ke kira ƙarfe bakwai na safe, a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Ƙarfe bakwai ɗinsu kuwa shi ne ƙarfe ɗaya na rana.

Ran Laraba su huɗu suka bi wani lungu mai daɓen duwatsu, suka isa gidan abincin unguwa. Irin wannan wuri sunansa migib bet, watau gidan abinci. Ba wani babban otal ba ne. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, da tebura shida ko bakwai, da 'yan kujeru gajeru, an barbaza ɗanyar ciyawa a ƙasa don ƙamshi da marhabin. A kusurwa ga mesob guda biyu. Mesob wani dogon kwando ne da a ke saƙawa da ciyawa mai launi iri iri, samansa faffaɗa, yana da murfi mai tsini kamar malfa. Shi ne teburin cin abinci na gargajiya. Masu ɗinki da masu dako da ɗaliban makaranta sun cika ɗakin. Duk wanda suka wuce kusa da shi sai ya ɗaga kai ya ce, "Inibla," watau mu ci. Ba ya kuwa san su ba. Haka al'adar ta ke, mutum ba ya ci gaban wani bai yi masa tayi ba.

Mai gidan abincin wata dattijuwa ce, kowa Emama ya ke ce mata, watau Inna. Ta zaunar da su a gindin mesob. Wata yarinya ta kawo buta da tasa da sabulu, ta zuba musu ruwa ɗaya bayan ɗaya, ta fara da direba don shi ne baƙo. Tela ya ce a kawo musu beyaynetu na mutum huɗu. Ma'anar kalman nan ita ce kowane iri.

Kafin a kawo, ɗan direba ya ji wani ƙamshi mai tsami-tsami yana fitowa daga bayan labule, ya yi ta leƙe. Emama ta lura, ta ce, "Ku zo, 'ya'yana, ku ga inda a ke toya injera."

Injera ita ce tuwon Habashawa, ita ce gurasarsu. Wanda ya san sinasir ya kusa saninta, sai dai ta fi shi faɗi nesa, ta fi shi tsami, launinta kuma toka-toka ne. Da garin wani hatsi a ke yinta, sunansa tef. Tef dangin burburwa ne, ciyawar nan da a ke yanko wa dabbobi, amma manoman Habasha sun mai da shi abin shuka tun shekaru dubbai da suka wuce. Ƙwayarsa ta fi ta acca ƙanƙanta. Sai an tara fiye da ƙwaya ɗari kafin su kai nauyin ƙwayar alkama ɗaya, tafin hannu guda kuwa ya isa a watsa a fili mai yawa. Don ƙanƙantarsa ba a iya surfa shi, da dusarsa a ke niƙawa, wannan ya sa ya ke da amfani ga jiki ƙwarai. Akwai fari, akwai ja, akwai gauraye. Farin shi ne mai tsada.

Emama ta buɗe wata babbar roba ta nuna musu ƙullu yana ta kumfa. Ta ce shekaranjiya ta kwaɓa shi. In za a kwaɓa, a kan zuba ruwan tsami da aka tsiyaye daga ƙullun baya, sunansa ersho, shi ne ke ta da sabon. A rufe a bar shi kwana biyu ko uku. Ran da za a toya sai a ɗebi kaɗan a dama shi a wuta kamar kunu, a mayar cikin sauran, a jira ya sake tashi. Matan Habasha suna tattalin ersho ƙwarai, in na wata ya lalace sai ta je ta roƙo a maƙwabta.

Kaskon tuyar sunansa mitad, na yumɓu ne, shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya fi kamu ɗaya. A ƙauye da itace a ke hura masa wuta, a birni kuwa da yawa na lantarki ne. Mai tuya ta cika wani ɗan gwangwani da ƙullu, ta fara zubawa daga bakin kaskon, tana kewayawa, tana shigowa ciki, har ta ƙare a tsakiya, hannunta bai tsaya ba ko sau ɗaya. Nan da nan sai ƙananan ramuka suka fara ɓullowa a fuskar ƙullun, ɗaruruwa, kamar saƙar zuma. Ta kifa murfi. Bayan minti biyu ko uku ta buɗe, ta zura faifai ta ɗauke. Ba a juya injera, gefe ɗaya a ke toyawa, tururi ne ke dafa saman.

Yaro ya ce, "Emama, ramukan nan fa?"

Ta ce, "Idanu ke nan. Su ne ke shan miya. Injerar da ba ta da idanu makauniya ce, ba na kai wa baƙo ita."

Aikin da gani kamar sauƙi, amma yarinya ta kan ɓata ƙullu da yawa kafin hannunta ya faɗa. Ga kuma tsada. Tef ya fi sauran hatsi kuɗi, har a 2006 gwamnati ta hana fitar da ƙwayarsa waje don kada ya gagari talaka, sai a 2015 aka ɗan sassauta. Duk da haka ƙananan gidajen abinci da yawa su kan haɗa shi da garin dawa ko na shinkafa don ya auka.

Da yara suka komo sai ga abinci ya iso. Babban faranti ne guda, an shimfiɗa injera ɗaya ta rufe shi duka, a kanta an ɗiɗɗiga miya tuli-tuli, kowace da launinta. Ba cokali, ba ƙananan kwanoni. A gefe aka ajiye waɗansu injera a nannaɗe kamar tabarma.

A tsakiya ga shiro, ita ce miyar yau da kullum ta talakan Habasha. Da garin wani irin wake a ke yinta, a niƙa shi da kayan yaji, a dama da albasa da mai har ta yi kauri kamar kunun gyaɗa. Kusa da ita ga misir wot, ja wur, ta wani ƙanƙanin wake mai faɗi wanda Larabawa ke kira adas. Ga kik alica, rawaya, ta ɓararren wake da gangamau, ba ta da yaji. Ga gomen, ganye ne dangin kabeji, an dafa shi da tafarnuwa. Ga kabeji da karas da dankalin Turawa, ga wata saiwa ja mai zaƙi-zaƙi, ga tumatir da albasa da ɗanyen barkono an matsa musu lemun tsami.

Miyar Habasha sunanta wot, kashi biyu ce, mai yaji da marar yaji. Abin da ke sa mai yajin ta yi ja shi ne berbere, watau yajin ƙasar. Barkono ne a ke shanyawa, a daka shi da tafarnuwa da citta da hulba da kanumfari da ɗoɗɗoya da waɗansu kayan ƙamshi, kowace mace da irin haɗinta. Suna kuma da wata dabara ta dahuwa. Albasa mai yawa a ke yankawa ƙanana, a zuba a busasshiyar tukunya ba mai, a yi ta juyawa har ta narke, sa'an nan a sa mai da berbere. Albasar nan ita ke ba miya kauri. Ran da ba azumi da man shanu a ke yi, wanda aka soya da kayan ƙamshi. Ran azumi kuwa sai man da aka tatsa daga tsiro.

Tela ya yi addu'arsa, direba da ɗansa suka yi bisimilla. Kowa ya yagi injera da hannun dama, ya kifa ta bisa miya ta gefen idanun, ya dunƙule, ya kai baki. Kowa gabansa ya ke ci, ba a tsallakawa gaban wani. Lasar yatsa kuma a wurinsu ba ladabi ba ne.

Suna cikin ci sai tela ya yagi injera babba, ya ɗebo shiro da gomen da misir wot, ya naɗe da kyau, ya miƙa hannu har bakin maƙwabcinsa. Wannan shi a ke kira gursha. Bahabashe in yana son ya nuna wa mutum ƙauna ko girmamawa, da hannunsa ya ke ba shi loma a baki. Miji ya kan yi wa mata, uwa ta yi wa ɗa, mai gida ya yi wa baƙo, ko da baƙon mai furfura ne. Girman lomar shi ne girman ƙaunar, ƙin karɓa kuwa abin kunya ne. Direba ya dubi lomar, ya dubi tela, ya gane abin da a ke nufi. Kuɗin da ya ƙi ne suka komo ta wata hanya, wannan karon kuwa ba shi da ikon ƙi. Ya yi dariya, ya buɗe baki ya karɓa, kumatunsa suka cika har ya kasa magana. Ba a yin gursha sau ɗaya a tsaya, sai tela ya ƙara masa ta biyu. Sa'an nan direba ya naɗa tasa, ya ba yarinyar da ya kai asibiti.

Ɗan direba ya ce, "Baba, a gidan nan ba a sayar da nama ne?"

Emama ce ta amsa daga inda ta ke. Ta ce gobe Alhamis akwai tibs, watau soyayyen nama da albasa da barkono. Doro wot kuwa sai ranar idi, domin aikinta ya kan ci wuni. Miyar kaza ce, a kan yanka kazar gunduwa 12, a dafa da albasa tuli, a jefa dafaffen ƙwai a ciki. Akwai kuma kitfo, abincin ƙabilar Gurage, naman sa ne a ke yankawa ƙanana ƙwarai, a cuɗa da man shanu da yaji, da yawa kuma ɗanye su ke cinsa. Mutanen ƙasar suna sonsa matuƙa, amma ɗanyen nama ya kan sa tsila a ciki, sabo da haka masu hankali su kan ce a ɗan nuna masa wuta. Ta dubi yaron ta ce, "Amma naman gidan nan ba naku ba ne, ɗana. In kana son tibs, ga na Hajiya can bayan masallaci, ta fi ni iyawa ma."

Da nannaɗaɗɗun injera suka ƙare sai suka koma kan wadda aka shimfiɗa a ƙasa. Ita ce ta sha romon miya duka, yara kuwa ita su ke jira. Suka cinye faifan abincin nasu, sai farantin ƙarfe ya rage.

Aka sake kawo ruwa suka wanke hannu, sa'an nan aka zo ga gahawa, wadda su ke kira buna. Asalin itacen gahawa daga dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ya ke, wajen lardin Kafa, mutanen ƙasar kuwa ba su shanta da gaggawa. Wata budurwa ta zauna a 'yar kujera bakin ƙofa, ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta soya su a kasko bisa gawayi har suka yi baƙi suna ƙyalli. Ta zagaya da kaskon, kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Ta daka a ɗan turmi, ta zuba a jebena, wata baƙar butar yumɓu mai dogon wuya, ta ɗora a wuta. Ta sa lubban a garwashi, ta kawo gugguru a faifai. Da ta tafasa sai ta sauke, ta jira gari ya kwanta, ta ɗaga butar sama ta tsiyaya a ƙananan finjalai marasa mariƙi. A gida sau uku a ke tafasawa, na fari abol, na biyu tona, na uku baraka. A gidan abinci masu sauri su kan sha ɗaya su tashi. Su dai manyan nan biyu sun zauna har na uku, yara kuwa suka cinye guggurun.

Da suka tashi tafiya direba ya yi wuf ya zaro kuɗi, ya nufi wurin Emama. Tela ya riƙe masa hannu. Wannan ya rantse, wancan ya rantse, har mutanen ɗakin suka juyo suna dariya, ko da ya ke abin ba baƙo ba ne a wurinsu, kullum a kan yi irin wannan kokawa a bakin ƙofar gidan abinci. Emama ta bar su suka gaji, sa'an nan ta ce, "Mai da kuɗinka aljihu. Tun jiya da yamma ya zo ya biya, har da na gahawa."

Direba ya girgiza kai. Ya ce, "To, ka yi mini wayo yau. Amma jibi Juma'a, ai kuna azumi?"

Tela ya ce, "Muna yi."

Ya ce, "In na sauko daga masallaci mu haɗu a nan, ka zo da uwar yarinya, ni ma in zo da tawa. Emama, karɓi kuɗin Juma'a tun yanzu, na mutum shida, kada ya riga ni."

Emama ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce wa mai tuya ta ƙara gari a kwaɓin yau.